Kalmar da Na Ji a Karkace

Duk wanda ya shigo Kambarawa ya ce yana neman Sabi'u mai maganin dabbobi, zai sha tambaya, domin mu Sabi'u muna da yawa a unguwar. Amma in ya ce Fuluk yake nema, ɗan acaɓan farko da ya tare zai dire shi a ƙofar shagona. Wasu sun ɗauka sunan wata allura ce. Wasu sun ce wai haka Larabawa suke kirana. Na gaji da gyara wa mutane zance ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru.

Mahaifina, Malam Hamisu, daga ƙauye ya shigo Katsina tun yana saurayi, kuma kiwon raguna ne sana'arsa a bayan gida. A cikin warin dusa da harawa na tashi, don haka da na samu shiga makaranta sai na karanta lafiyar dabbobi. Na gama, na riƙe takarda, aiki ya ce bai san ni ba. Ina zaman majalisa a Ƙofar Guga wani dillalin tafiye-tafiye ya ce akwai gonar dabbobi a Dubai da ke neman mai irin karatuna. Baba bai yi dogon tunani ba. Ya kwance duk ragunan da yake turkawa don Babbar Salla ya sayar, tun kafin su yi ƙiba, ya ce in tafi.

Zangona na farko ba gona ba ce. Wani ɗaki ne a saman bene a cikin birnin, an jera gadaje wani kan wani kamar kejin kaji. Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi ya karɓi fasfona ya ce za a buga masa hatimi, daga nan ban sake ganin ƙeyarsa ba. Na kira dillalin na Katsina, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. A nan ne na fara gane cewa babu gona, babu aikin likita, ni kaɗai ne akwai.

Don in ci abinci sai na bi 'yan ɗakinmu muna dakon kwalaye a kasuwa. Nauyin kwali bai dame ni ba kamar yadda rashin gaisuwa ya dame ni. Ni da na saba in tsaya da mutum in tambaye shi kwana, gajiya, iyali, aiki, har da labarin tsohuwarsa, sai ga ni cikin mutanen da ke ɗaga gira kawai su wuce. Akwai wani a gadon samana, na taɓa tsayawa na gaishe shi cikin Turanci yadda ya kamata, na tambayi lafiyar gidansu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya jawo jakarsa ya danne ta da filo. Wallahi ranar na ji kewar gida har cikin ƙashina. Na tuna mai shayin Ƙofar Marusa wanda in ka wuce ba ka gaishe shi ba sai ya aiko a tambaya ko lafiya.

Allah ya haɗa ni da Usman a bakin masallaci bayan sallar Juma'a. Ina waya da Baba ina ta yi masa "lafiya lau, lafiya lau", na kashe, sai na ji wani a bayana ya ce, "Sannu ɗan'uwa, ina gajiya?"

Na juya a firgice. Dogon mutum ne baƙi, da farin rawani irin na Sudan. Hausarsa tsohuwa ce, tana tafe tana ɗingishi, amma Hausa ce. Kakarsa, in ji shi, daga ƙasar Hausa ta taso za ta aikin hajji a ƙafa, ta tsaya a Sudan, tsayawar ke nan. Na kama hannunsa da hannu biyu na ƙi saki. Muka tsaya muka yi gaisuwa tun daga kwana har zuwa kakanni, mutane suna ratsa mu suna wucewa.

Usman makiyayi ne a wata gonar awakin madara can cikin hamada. Ya ji labarina, bai ce komai ba sai "la haula". Ya sai mini shinkafa da nama, ya zauna yana kallona har na cinye. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da motar gonar. Ya yi wa shugabansu magana, shugaban ya bi ta inda ake bi har aka ƙwato fasfona, aka mayar da izinin zamana a kan sunan gonar. Gurbi ɗaya ne kawai suke da shi, na mai shara. Usman ya faɗa mini yana sunkuyar da kai. Na ce masa ko wankin kofato ne ina so.

Zango na biyu ke nan. Gona ce mai rumfunan kwano a tsakiyar yashi, ba bishiya, ba tsuntsu, sai fankoki manya suna hura wa awaki iska. Su awakin ma sun fi mu gata. Shugaban Bature ne daga Afirka ta Kudu, jajir, gajere, kullum da hular kaboyi. Kowa Mudir yake ce masa, wato manaja da Larabci. Ba mugu ba ne, amma magana a wurinsa kamar saya yake yi. Na nuna masa takardar karatuna, ya duba, ya ce da kyau, ya miƙo mini tsintsiya.

Na faɗa wa Baba gaskiya a waya, don ba na iya ɓoye masa abu. Na ce, "Baba, shara fa nake yi."

Ya ce, "To mi ne ne? Sharar ta awaki ce ko ta mutane?"

"Ta awaki."

"Ai ka ga kana cikin sana'arka. In shara suka ba ka, ka share da kyau. Kak ka damu da mu, muna nan lahiya lau. Mi kake ci can?"

Na san turken bayan gida fayau yake, na san ba a yi layya a gidanmu ba waccan shekarar, amma bai taɓa ɗaga zancen ba. Rashin ɗagawar ya fi yi mini nauyi.

Na fara sabawa ke nan sai awaki suka fara mutuwa. Akuya tana tsaye jiya, yau a same ta a miƙe. Wasu kuma su rame, su daina ci, su kwanta. Aka kira likitocin hukuma. Suka zo da fararen kaya har fuska, suka ɗibi jini, suka ce suna zargin wata muguwar cuta mai yaɗuwa wadda take kama har mutum. Suka kafa doka: kada wanda ya kuskura ya farke mushe, a ja shi zuwa rami a ƙone. Gwajin jini bai nuna komai takamaimai ba, mutuwa kuma ba ta tsaya ba. Ƙarshe aka yanke hukunci cewa za a zo da manyan motoci a kwashe garken gaba ɗaya a hallaka, a rufe gonar.

Usman ne ya fassara mini abin da hakan ke nufi a gare mu. Izinin zamanmu a jikin gonar yake. In ta rufe, kowa jirgi zai hau ya koma inda ya fito. Na zauna a kan buhun abinci na hango kaina ina sauka daga mota a Katsina da jakar da na tafi da ita, ina shiga gida ina wuce turken nan.

A rumfar da ake ware marasa lafiya akwai wata jar akuya mai tsinin kunne, ta yi kama da awakin gidanmu, ba irin dogayen kunnen nan nasu ba. Ita ma ta kwanta. Ban san me ya sa na ɗora raina a kanta ba. Usman yana da kanwa a ɗakinsa, don su ma mutanen Sudan suna amfani da ita. Na roƙa, na jiƙa da ruwa, na dama dusa, na riƙa ɗura mata kamar yadda na ga Baba yana yi wa rago in ya ƙi ci. Ban ce magani ba ne. Hannuna ne kawai ya ƙi zama haka nan.

Ana gobe motoci za su zo, da safe na shiga da tsintsiyata sai na tarar da ita tsaye tana tuƙa. Na jefar da tsintsiya na ruga ofis. Mudir yana zaune ya dafe kai, idonsa ya yi ja. Na kwashe labari na faɗa masa da Turancina na makaranta, ina haki, na ce akuya ta tashi, wataƙila akwai mafita. Bai ko ɗago sosai ba. Ya kaɗa hannu ya ce:

"That's just a fluke."

To a nan ne gizo ya yi saƙarsa. Wannan kalma ta ƙarshe, wadda mu muke furtawa fuluk, tana da ma'ana biyu a Turanci. Ta farko, abin da ya faru bisa sa'a kawai, wanda ba gwaninta ce ta kawo shi ba kuma ba zai sake faruwa ba. Ita Mudir yake nufi. Cewa yake, katari ne kawai, koma bakin shararka. Ni kuwa a duk rayuwata ban taɓa jin wannan ma'ana ba. Fuluk ɗin da na sani ɗaya ce tak, wadda malaminmu ya zana mana a allo muka haddace don jarrabawa: tsutsar hanta, mai shiga dabba in ta ci ciyawar bakin ruwa.

Na tsaya baki buɗe. A raina na ce, kai, Bature dai Bature ne! Ga likitoci sun zo da kaya har fuska sun kasa, shi yana zaune a kujera ya gano cutar, har yana cewa "just", wato ba wani abin tashin hankali ba ne. Ni ko kusa tunanina bai je can ba. Wa zai kawo tsutsar fadama a ransa a cikin hamadar da ko kwaɗo babu? Na ce masa, "Ka tabbata, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Na tabbata. Je ka."

Ni kuma na ji "je ka" a matsayin je ka duba.

A bakin rami akwai wata akuya da ta mutu da asuba, ba a kai ga ƙone ta ba. Na sa safar hannu biyu, na ɗaure hanci da ƙyalle, na ɗauko wuƙar Usman. Usman ya hango ni ya taho da gudu, rawaninsa na warwarewa.

"Kai yaron nan, ka haukace? An hana! Mutuwa kake nema?"

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Mudir ne ya ce in duba. Ya gano cutar."

"Mudir? Shi da bakinsa?"

"Da bakinsa, da Turancinsa."

Ya ja da baya yana salati. Na yi bisimilla na farke. Ba zan ɓoye ba, na san in likitocin ne da gaskiya to na gama yawo. Na zaro hantar. Ta kumbura, ta yi dabbare-dabbare, hanyoyin cikinta sun yi kauri. Na tsaga ɗaya na matsa. Sai ga su suna fitowa, fala-fala kamar ganyen lalle, suna motsi a hankali. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Ban taɓa murnar ganin abin ƙyama irin ta ranar ba.

Na ɗora hantar a faranti na nufi ofis, ina tafiya ina jin kaina kamar mai kai wa sarki gaisuwa. Na ajiye a kan teburinsa na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Fuluk ce."

Mudir ya miƙe har kujera ta faɗi. Jan fuskarsa ya ƙaru. Ya fara faɗa, wa ya ba ni izini, ina so in kashe kowa ne, ina so a ɗaure shi ne. Ina ta cewa, "Ai kai ka ce, ai kai ka ce." Yana tsakiyar faɗan idonsa ya sauka a kan farantin. Ya sunkuya. Ya ɗauki biro ya taɓa ɗaya daga cikinsu, ta lanƙwashe. Ya jawo waya ya kira likitocin hukuma.

Kafin azahar likitar hukuma ta iso, wata mace mai gilashi wadda ba ta wasa. Ta fara da wanke mu tas, ni da Mudir, a kan karya doka, kuma ta yi gaskiya. Sannan ta duba hantar, ta sa aka farke wani mushen a gabanta, ta ga irin abin da na gani. Ta tambayi inda ake samo ɗanyar ciyawa. Ashe watannin baya Mudir ya sauya mai kawo ciyawa, ya koma saye daga wata gonar ban-ruwa mai magudanai. Aka kwance dami ɗaya, ga 'yan ƙananan katantanwa manne a jiki, su ne masu ɗauke da ƙwayar tsutsar. Ta ɗibi kashin awaki rumfa-rumfa ta tafi da shi. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, umarnin kwashe garke yana nan sai in gwaji ya nuna wani abu.

Washegari motocin suka iso tun da hantsi, suka jeru a bakin ƙofa, direbobi suka sauka suka shiga inuwa. Mu ma'aikata, 'yan Bangaladash da 'yan Sudan da ni, muka tsaya cirko-cirko. Ba mai iya aiki, ba mai iya zama. Mudir ya fito ya yafito ni, muka zauna a kan wani benci a gefen ofis. Wannan ne karo na farko da ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Faɗa mini gaskiya. Me ya sa ka farke ta?"

Na ce, "Kai ka ce fuluk ce. Na tambaye ka ko ka tabbata, ka ce ka tabbata."

Ya dube ni. Ya sake dubana. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, har ya cire hula yana share hawaye da ita. Da ƙyar ya iya yi mini bayanin ma'anar da yake nufi. Kunya ta rufe ni, na ji kamar yashin ya buɗe in shige. Duk wannan girman da na ba shi a raina, ashe korata ya yi.

Na ce, "To jar akuyar fa? Kanwata ce ta tashe ta?"

Ya ce a'a, kanwa ba ta kashe tsutsar hanta, kuma ni ma na san haka in zan faɗi gaskiya. Wataƙila dai nata kaɗan ne, jikinta ya fi ƙarfinsu. Wato tashinta sa'a ce tsagwaronta. Maganarsa daidai ce ta fuskar da ya nufa, kuma daidai ce ta fuskar da na ji. Shi kansa abin ya ɗaure masa kai.

Muna jiran likita, don ya rage wa kansa fargaba, sai ya shiga koya mini sauran kalmominsu na sa'a. Ya ce akwai "windfall", asalinta ɗan itacen da iska ta kaɗo ka tsinta ba ka hau ba. Na tuna yadda muke rige-rigen tsintar mangwaro in an yi iskar farkon damina, na ce wannan mun san ta. Ya ce abin da ya faru da ni kuma suna da wata doguwar kalma dominsa, "serendipity", ka fita neman abu ko ka yi kuskure, sai ka faɗa kan abin da ya fi shi. Na gwada faɗa, harshena ya sarƙe, na ce sarandifiti, ya ce ya isa haka kada in ji wa kaina ciwo. Na ce mu gamon katar muke cewa, ya gwada shi ma ya kasa, muka yi kunnen doki. Da ya kawo "godsend", abin da Allah ya aiko, na ce masa ya riƙe sauran, wannan ita ce tawa.

Ya dubi motocin nan. Sannan ya ce, "Da ka fahimci abin da nake nufi jiya, me za ka yi?"

Na ce, "Da na sunkuyar da kai na koma na ɗauki tsintsiyata."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Ni ma abin da nake tunani ke nan."

Rana ta take tsaka lokacin da muka hango ƙurar motar likita. Ta sauka ba ta kalli kowa ba, ta wuce kai tsaye wurin shugaban direbobin. Daga inda muke ba ma jin abin da take faɗa. Usman ya damƙe hannuna har ina jin zafi, bakinsa yana motsi. Shugaban direbobin ya saurare ta, ya ɗaga kafaɗa, ya juya ya yi wa mutanensa fito. Suka tashi daga inuwa suna karkaɗe riguna, kowa ya hau motarsa. Ta farko ta tayar. Ban san ko ciki za ta shigo ba. Sai na ga ta karya kwana, ta juya wa gonar baya.

Ihun da muka yi, har awaki sai da suka firgita. 'Yan Bangaladash suka ɗaga ni sama suna kiran "Fuluk! Fuluk!", su ma ba su san ma'anarta ba, sun dai ji ana faɗa. Sunan da ya bi ni har gida ke nan. Usman ya durƙusa a kan yashin nan mai zafi ya yi sujada. Ni kuwa ina sama a kafaɗar mutane ina kuka wiwi, ba kunya, ina kallon motocin suna tafiya a jere, ba ko akuya ɗaya a ciki.

Da suka sauke ni, likita ta matso ta ce tsutsar tana cikin kusan kowace rumfa, kuma tana da magani. Za a ɗura wa garken duka, ɗaya bayan ɗaya, a fara yau. Ta tambayi Mudir ko yana da wanda ya iya auna magani da ɗura shi. Mudir ya waiwaya ya neme ni. Ina can gefe na sunkuya zan ɗauki tsintsiyata da ta faɗi a cikin hayaniyar.

Ya ce, "Sabi'u, bar wannan. Je ka wanke hannu."